Wasiƙa Zuwa ga Masu Zanen Fuskokin Manya a Kafanchan da Kewaye

Ya ku ma'abota burushi da fenti,

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, duk sa'ad da aka yi wa wani naɗin sarauta a Jama'a ko Kagoro, ko wani attajirin citta ya gama ginin bene, akan aiko muku da hotonsa a ce ku zana, ku kuwa sai ku ƙarar da basirarku a kan aska takwas ta babbar riga da naɗin rawani, fuskar kuma ku shafe ta sumul, har mai ita ya fito ba tsufa, ba fushi, ba alamar ya taɓa kwana da tunani.

Zahiri aikin mai ɗaukar hoto ne, naku kuwa baɗini. Masu zanen Jamus na bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, irin su Otto Dix da George Grosz, da gangan suka riƙa karkata hanci, suna kumbura wuya, suna zuba launin da ba na fata ba, domin halin manyan ƙasarsu ya bayyana a goshinsu. Kuma ba a banza ba ne gwamnatin Hitila ta tara irin waɗannan ayyuka a Munich a 1937 ta kira su lalatattu.

Amma ba sai kun haye teku ba. Ku dubi kawunan yumɓu na Nok, har da wanda aka tono a ƙasar Jama'a ya isa hannun mai binciken kayan tarihi Bernard Fagg cikin shekarun 1940: kai ya rinjayi jiki, ido mai kusurwa uku da huda a tsakiya, ga kitso ga duwatsun wuya, amma kallon ne ke fara kama mutum kafin adon. Uche Okeke, wanda ya yi ƙuruciyarsa a nan Kafanchan, yana cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, suka ƙi kwaikwayon Turawa ido rufe. Marigayi Gani Odutokun na Jami'ar Ahmadu Bello kuwa, a zamanin soja ya zana sarki yana raha da janarorinsa, kowa ya gane inda aka dosa.

Saboda haka ku nemi zama da mutumin, ku ga yadda yake aza hannu, da yadda idonsa ke sauyawa in talaka ya shigo. Abin da kuka gani ku ƙara masa nauyi, wanda ba ku gani ba kada ku ƙaga, gama ƙage zalunci ne ko da fenti aka yi shi, kuma dattijon da ya yi adalci haƙƙinsa ne adalcin ya fito.

Sa'an nan ku karɓi rabin lada tun farko, domin mai fuska na iya ƙin zanen. Majalisar Ingila ta sa mai zane Graham Sutherland ya zana Firayim Minista Churchill a 1954, mai fuskar ya ƙi jinin zanen, daga baya aka ƙone shi.

Wassalam.