Digirin Farko Rabin Hanya Ne Ga Mai Zanen Gine-gine

Duk shekara idan jami'o'i suka yaye ɗalibai, akwai wani rukuni da murnarsa ke zuwa da sauran magana. Yaro ya karanta ilimin zanen gine-gine, ya dawo gida da digiri, an yi walima, 'yan uwa sun fara kiransa Akitek, kawunsa har ya kai shi ya ga fegin da yake so a zana masa gida. Sai an kai zanen hukumar tsara birane neman izinin gini, a tambayi hatimi. Yaro ba shi da hatimi, kuma ba zai samu ba sai bayan wasu shekaru kusan biyar, idan komai ya tafi daidai. A idon doka ma bai isa ya amsa sunan da ake kiransa da shi ba tukuna.

Iyaye da yawa ba su san haka ba ranar da ake cike fom ɗin JAMB. Sun san mai karatun likita sai ya yi shekarar koyon aiki a asibiti, mai karatun lauya sai ya wuce makarantar horar da lauyoyi. Amma ɗalibin zanen gine-gine ana yi masa lissafin shekara huɗu, a ɗaura guzuri daidai wannan, guzuri ya ƙare a tsakiyar tafiya.

Ga yadda hanyar take a Najeriya. Ɗalibi zai shiga jami'a da Turanci da Lissafi da Fiziks da wani darasi guda a jarrabawar JAMB. Zai yi shekara huɗu a digirin farko, ko biyar a jami'o'in fasaha irin su ATBU ta Bauchi da ta Minna, a ciki har da watannin koyon aiki na SIWES. Daga nan sai hidimar ƙasa, sai digiri na biyu, wanda yakan ci kusan shekara biyu, kuma shi ne ainihin shaidar ƙwarewar da ake nema. Bayansa sai aƙalla shekara biyu yana aiki a ƙarƙashin akitek mai rajista, yana rubuta ayyukan da ya sa hannu a cikinsu, maigidan yana sa masa hannu. Sannan ya zauna jarrabawar ƙwarewa. Idan ya ci, hukumar ARCON, wadda doka mai lamba 10 ta 1969 ta kafa domin rajistar masu wannan sana'a, ta sa sunansa a kundinta, ya mallaki hatimi. Ƙungiyarsu ta NIA kuwa ta girmi hukumar, domin tun 1960 aka kafa ta.

Jimilla shekara tara zuwa goma ke nan, ban da yajin aiki. Wanda ya shiga jami'a a 2019 ya sha na 2020 mai wata tara, ya kuma sha na 2022 mai wata takwas.

Abin mamaki, Arewa ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Makarantar koyar da zanen gine-gine mafi daɗewa a ƙasar nan tana Zariya. An fara kwas ɗin a Ibadan a 1952 a ƙarƙashin tsohuwar kwalejin fasaha da kimiyya ta Najeriya, aka dawo da shi Zariya a 1955, ya zama ɓangaren Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa ta a 1962. Daga nan ne tsohon mataimakin shugaban ƙasa Namadi Sambo ya fito, haka tsohon gwamnan Taraba Darius Ishaku, da Ahmed Musa Dangiwa wanda aka naɗa ministan gidaje a 2023. Yau ana koyar da kwas ɗin a Jami'ar Bayero, da jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, da Jami'ar Jos, da ta Modibbo Adama a Yola, da jami'ar jihar Kaduna. Ƙofar shiga ta yi faɗi. Ƙofar fita zuwa rajista ce har yanzu ƙunci gare ta.

Wanda bai taɓa leƙa sitidiyon ɗaliban ba zai ɗauka zane kawai ake yi. Ana ba ɗalibi fili da buƙata, a ce masa, misali, ya tsara ƙaramin asibitin haihuwa a unguwa. Sai ya je ya ga filin, ya san ta ina rana ke faɗowa, ta ina iska ke shigowa, ina ruwa ke kwanciya da damina. Ya tambayi ungozoma yadda ake shigo da mai naƙuda, ya auna faɗin ƙofar da gadon tura maras lafiya zai wuce, ya ware wa maza wurin jira inda ba za su tsare hanya ba. Makonni yana zane yana gogewa, yana yanka kwali yana haɗa samfurin ginin da gam. Daren da za a gabatar ba mai runtsawa: wani yana kwance a ƙarƙashin tebur, wani yana fama da kwamfutar da ta tsaya, wata ta yanke yatsa da reza ta ɗaure da tsumma ta ci gaba.

Da safe a manna zane a bango, malamai da baƙin ƙwararru su zauna, abin da ɗalibai ke kira juri. Wani malami zai taso, ya ɗora yatsa a kan takarda ya ce, "Idan gobara ta tashi a nan, ta ina masu jego za su fita?" Ɗalibi ya duba, ya ga matakala ɗaya ce tak, kuma tana gefen ɗakin janareta. Aikin wata biyu ya koma baya. Wannan tambayar da ire-irenta su ne karatun, kuma ba a koyonsu a bidiyon YouTube na yadda ake sarrafa AutoCAD.

Karatun yana cin kuɗi fiye da yawancin kwasa-kwasai. A ajin farko allon zane ne da takardu da alƙaluma. Daga baya sai kwamfuta mai ƙarfin da za ta ɗauki Revit da makamantansa, wadda ba irin ta buga wasiƙa ba ce. Ga kuɗin buga manyan takardu duk lokacin juri, ga kayan samfuri, ga tafiye-tafiyen ganin gine-gine. Uban da ya jure wannan shekara huɗu, ga ƙanne a baya suna jiran nasu, da wuya ya saurari zancen digiri na biyu. Tallafin karatu na jihohi kuma, inda ake biya, ya fi karkata ga masu digirin farko, su ma ba ya isarsu.

A nan ne ake zubewa. Wasu su koma zanen hotunan gidaje masu ƙyalli a kwamfuta ga 'yan kasuwar filaye, wasu su shiga kwangila, wasu banki, wasu kasuwa. Wasu kuma su ci gaba da zanen gidaje, su riƙa kai wa wani mai hatimi ya buga musu a ba shi na goro, alhali bai san filin ba, bai kuma buɗe zanen ya duba ba. Mata sun fi shan wahala, domin shekarun digiri na biyu da koyon aiki su ne shekarun aure da goyo, kuma ofisoshin da za a koyi aikin sun taru ne a Abuja da Kaduna da Kano. Yarinyar da ke Gusau ko Damaturu sai ta bar gari kafin ta sami wanda zai sa mata hannu.

Kasuwa ma ba ta ƙarfafa wa mai niyya guiwa. Mai gini a Arewa yakan ga kuɗin siminti da rodi da bulo a matsayin dole, kuɗin zane kuwa ɓarna. Zai ɗauki hoton gidan da ya gani a Facebook ya miƙa wa birkila, ko ya sami mai zane a bakin sakatariya ya kwafo masa na wani da 'yan dubbai. Araha ba ta ado. Shi ya sa ake ganin ɗakunan da tagoginsu ke kallon yamma, su zama tanda a watan Afrilu, da falon da baƙo ba zai shiga ba sai ya ratsa ta gaban matan gida, da benen da aka ɗora wa hawa na uku a kan harsashin da aka yi domin hawa ɗaya. Kowa a wurin ginin Injiniya ne, amma in an tambayi wa zai amsa laifi, babu.

Gaskiya ne ba akitek kaɗai ke hana gini rushewa ba. Lissafin ƙarfin ginshiƙai da yawan rodi aikin injiniya ne mai rajistar COREN, kula da yadda ake aikin na magini ne mai rajistar CORBON. Amma bene mai hawa 21 da ya rufta a Ikoyi ranar 1 ga Nuwamba 2021 ya kashe fiye da mutum 40, da makarantar da ta faɗo wa ɗalibai a Jos a watan Yulin 2024 ta kashe 22, sun nuna abin da hatimi yake nufi. Mai hatimi yana da suna a kundi, ana iya kiransa, a tuhume shi, a ƙwace lasisinsa. Wanda ba ya cikin kundi sai dai a ji ya kashe waya.

Akwai masu cewa duk wannan tsawon hanya kwaikwayon Turawa ne. Su ce wace jami'a Muhammadu Durugu, Babban Gwani, ya shiga kafin ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, da bakan gizonsa na azara da ƙasa da masana daga ƙasashen waje suka riƙa zuwa aunawa? Wace takarda Falke Barmu yake da ita, manomi kuma magini da ya fara masallacin Yama a jihar Tawa a 1962, har aikin ya ci kyautar Aga Khan a 1986?

Tambayar tana da nauyi, amma amsarta tana goyon bayan tsawon hanyar ne. Maginin gargajiya bai taɓa zama gwani a shekara huɗu ba. Yakan fara da kwaɓa ƙasa da miƙa tubali, ya daɗe kafin a bar shi ya ɗora azara, ya ƙara daɗewa kafin a ba shi ɗaurin guga. A samansa kuma akwai Sarkin Magina, wanda ya san wa ya isa, wa bai isa ba. Koyo a hannun maigida da tantancewar manya duk suna nan a tsarin da, kafin a san ARCON.

Inda masu sukar suka yi gaskiya shi ne abin da ake koyarwa. Ɗalibi yana iya gamawa ya san gine-ginen Girka da Rum da na Le Corbusier, ilimin zaure da soro da makuba kuwa ya tsaya masa a darasin tarihi, bai taɓa taɓa ƙasar da hannunsa ba. Da wani ɓangare na masallacin Zariya ya rufta ana sallar La'asar a watan Agustan 2023, aka rasa rayuka, ya fito fili cewa adana irin waɗannan gine-gine yana buƙatar mutanen da suka haɗa ilimin biyu. Maƙwabta sun nuna ana iyawa. Francis Kéré na Burkina Faso ya gina makarantar firamare ta ƙauyensu Gando da bulon ƙasa a 2001 yana ɗalibi a Berlin, a 2022 kuma ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci kyautar Pritzker. Mariam Issoufou ta Nijar ta bar aikin kwamfuta ta koma ta yi digiri na biyu a zanen gine-gine a Amurka, sannan ita da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili suka mayar da tsohon masallacin Dandaji ɗakin karatu, suka gina sabo a gefensa da bulon ƙasa, tare da maginan yankin. Dukansu sun kai ƙarshen karatun, sun kuma dawo wa ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafarsu.

Gyaran ba ya buƙatar sabuwar doka. Hukumomin tallafin karatu na jihohin Arewa su ɗauki digiri na biyu na wannan fanni a matsayin cikon na farko, su biya shi kamar yadda ake ɗaukar nauyin masu zuwa makarantar lauyoyi a wasu jihohi. Ma'aikatun ayyuka da gidaje, waɗanda ke da akitek masu rajista a kowace jiha, su buɗe guraben koyon aiki na shekara biyu da ɗan alawus, domin ɗan Yobe ya cike littafin koyon aikinsa a Yobe. Duk kamfanin da aka ba zanen makaranta ko asibitin gwamnati a sa masa sharaɗin ɗaukar masu koyo 'yan jihar. Hukumomin tsara birane su daina karɓar hatimin haya, su riƙa kiran mai hatimin ya zo ya kare zanensa. ARCON da NIA kuma su riƙa shiga makarantun sakandare suna faɗa wa yara tsawon tafiyar tun kafin su zaɓa.

Uban da ɗansa ko 'yarsa ke shirin cike wannan kwas a fom ɗin bana, ya fara tabbatar da cewa sashen jami'ar yana da amincewar hukumar jami'o'i ta NUC da ta ARCON, sannan ya yi lissafin shekara tara, ba huɗu ba.