A gyara magudanun ruwa, amma kada a kashe mana kifi

Idan ba a manta ba, a watan Agustan 2022 ruwan sama ya mamaye garin Manakil da ƙauyukan da ke kewaye da shi a Jazira, gidajen ƙasa suka narke, hanyoyi suka yanke, buhunan dawa da albasa suka ruɓe a rumbuna. Ba kogi ne ya yi ambaliya a wurin ba. Ƙasar Jazira shimfiɗaɗɗiya ce, baƙar laka wadda da ta jiƙa sai ta kumbura ta daina shan ruwa, ga kuma magudanun da aka haƙa domin gonakin auduga sun cika da taɓo da ciyawa saboda shekara da shekaru ba a yashe su ba. Ruwa ya rasa hanya, sai ya shiga ɗakunan mutane.

Sai ga yaƙin 2023. Wad Madani ta faɗa hannun dakarun RSF a Disambar wannan shekara, sojoji ba su karɓe ta ba sai a Janairun 2025, kuma a tsakanin nan wa ke ta yasar kwata? Saboda haka muna goyon bayan duk mahaliyyar da ta tashi gyara. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne gyaran gaggawa, wato a kawo katafila ta tsaga rami miƙe daga tsakiyar kasuwa zuwa kwari mafi kusa, a ce an gama.

Dalili kuwa, daga Sinnar zuwa Rusairis, kwaruruwan nan da dazuzzukan bagaruwa na bakin Shuɗin Nilu da ruwa ke kwanciya cikinsu da damina, nan ne tarwaɗa da karfasa ke shiga su yi ƙwai. Ruwan farko da ya wanke gari yana ɗauke da baƙin man gareji, da leda, da jinin mahauta, da ragowar maganin feshi. A zuba shi kai tsaye a irin wannan wuri, ƙananan kifi ne za su fara mutuwa. Masuntan kuwa akasari 'yan uwanmu ne, tun daga Mai Wurno har tafkin madatsar Rusairis, kuma busasshen kifinsu, kajek, shi muke ɗaurewa a buhu mu kai kasuwannin kan iyakar Habasha. Dama kogin ya sauya hali tun da Habasha ta fara tare ruwa a babbar madatsarta a 2020, to ina dalilin ƙara masa wani ciwon?

Abin da muke nema ba mai tsada ba ne. A bar wani fili a ƙarshen kowace magudana inda ruwa zai tsaya datti ya kwanta kafin ya isa kogi, a sa ragar ƙarfe ta tare leda, a kuma hana yanka filaye a kan hanyar ruwa. Sannan taswirar ta haɗa da kanabi, unguwannin leburorin gona inda dubban Hausawa ke zaune, domin sau da yawa ruwan da aka kora daga cikin gari can yake sauka.

Mu ma 'yan kasuwa da namu laifin. Kwatar da ke gaban rumfunanmu, wa ya cika ta da ɓawon albasa da tsummokaran buhu? Ya kamata shugabannin kasuwa da sarakunan ruwa su je ofishin mahaliyya tare tun watan Mayu, kafin ruwan Yuli ya sauka, su nemi a nuna musu inda kowace magudana za ta ƙare.