MOTAR DA ZA TA KAI MU TA DAWO DA MU: RUWA-BIYU KO MAI FETUR ZALLA?



Kwanan nan wata gardama ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a majalisunmu, tun daga Wurno har Rabah da Goronyo. Duk lokacin da aka ji wani babba zai sayo a-kori-kura, ko don zagayen mazaɓu, ko don ƙungiyar manoma, ko don 'yan sintiri, sai matasa su rabu gida biyu. Wasu su ce zamani ya wuce mota mai fetur zalla, a sayo haybirid, wato ruwa-biyu mai haɗa inji da batir. Wasu su ce a bar mu da Hilux ɗin da muka sani. Har ta kai wanda ya ce fetur ana yi mishi kallon baƙauye, wanda ya ce haybirid ana yi mishi kallon ɗan ƙarya.

Ni dai ra'ayina a fili yake: a ƙasarmu ta gabashin Sakkwato, a yau ɗin nan, wanda zai sayi a-kori-kura don aikin ƙauyuka ya sayi mai fetur mai jan ƙafa huɗu, mai giyar agziliri. Amma ba don haybirid ƙarya ba ce. Ku biyo ni ku ji dalili.

Mu fara da ba haybirid haƙƙinta, don rashin adalci ba ya gyara magana. Da yawa cikinmu suna zaton sai an jona ta da wutar NEPA, sai su ce ina wutar? Wanga zance bai shafi haybirid ta asali ba. Ita da kanta take cajin batirinta, daga injin da kuma daga taka birki. Tun 1997 Toyota ta fitar da Prius a Japan, ke nan fasahar ba jiya ta faɗo ba. Akwai wani kashi da ake jonawa da wuta, irin BYD Shark ta China wadda ta fito a 2024, wannan kam wutarmu ta Kaduna Electric ba abin dogaro ba ce gare ta. Amma sauran, ba ruwansu da soket.

Kuma masu son haybirid suna da babbar hujja, wato kuɗin mai. Kowa ya san abin da ya faru tun ranar 29 ga Mayu 2023, da aka ce tallafin fetur ya tafi. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa har ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. Duk wanda ke zuba wa mota mai daga aljihunsa, in aka ce mishi ga wadda ba ta sha sosai, dole ya tsaya ya saurara.

To amma a ina take yin tsimin? Nan ne gizo ke saƙa.

Ku ɗauki Ford Maverick, ƙaramar a-kori-kura da aka fara sayarwa a Amurka da samfurin 2022. Ta zo iri biyu, haybirid da mai fetur, don haka ta fi daɗin kwatance. Bisa awon hukumar muhalli ta Amurka, a cikin gari haybirid ɗin tana shan kusan lita 5 da rabi a kilomita 100, mai fetur mai jan ƙafa huɗu kuma tana shan kusan lita 10 da rabi. Bambancin lita 5 ke nan, ba ƙaramin abu ba ne. Amma da aka hau babban titi, haybirid ta sha kusan lita 7, mai fetur ta sha kusan lita 8. Lita ɗaya tak!

Me ya kawo haka? Ribar haybirid tana cikin tsaya-tafi, tsaya-tafi. Duk birkin da ka taka a cunkoso batir ke cinye shi, duk tsayuwar da ka yi inji ke mutuwa ya huta. To ku gaya mini, wane cunkoso ke tsakanin Achida da Marnona? Wace danja ke tsakanin Rabah da Gandi? Tafiyarmu doguwa ce, da lodi, wani wuri kwalta, wani wuri burji, wani wuri rairayi har gwiwa. A irin wannan tafiya injin ne ke ɗaukar wahalar, batir ɗan rakiya ne. Wannan awo ma da na kawo na hukuma ne, ba a yi shi da buhunan albasa da mutum goma a baya ba.

Manyan ma haka abin yake. Toyota Tundra da Tacoma masu haybirid, an yi su ne don ƙarin ƙarfin ja, ragin man da suke yi kaɗan ne. Hilux mai ƙaramin batir na bolt 48 da ta fito a 2024 kuwa ta dizal ce, kuma tsimin da ake faɗa mata bai wuce kusan kashi 10 cikin 100 ba. Ke nan ba duk motar da aka liƙa wa sunan haybirid ce ke raba ka da gidan mai ba.

Abu na biyu, maganar ƙafa huɗu. A nan ma ana yi muna rufa-rufa. Jan ƙafa huɗu iri biyu ne. Akwai wanda kwamfutar mota ke sarrafawa, in ta ji tayar gaba na sulɓi sai ta tura ƙarfi baya. Wannan an yi shi ne don titi mai santsi da ƙanƙarar ƙasashen sanyi. Akwai kuma wanda direba ke sa wa da hannunsa, mai ƙaramar giya da ke sa mota ta riƙa rarrafe da ƙarfi awa tarakta. Shi ne agzilirin da direbobinmu suka sani, kuma shi ne ke fid da mota daga taɓon fadama a watan Agusta. Maverick ba ta da irin wannan giyar. Hasali ma haybirid ɗinta ƙafar gaba kawai take ja har sai samfurin 2025. In dillali ya kawo maka ta 2022 ko 2023 ya ce haybirid ce kuma ƙafa huɗu, to ka riƙe kuɗinka. Ga shi kuma cikinta kusa da ƙasa, kayan da take ɗauka ba su kai kilo 700 ba, alhali Hilux na ɗaukar kusan tan guda.

Ku tuna irin ƙasar da muke magana a kanta. Gulbin Rima ya ratsa mu, ga dam ɗin Goronyo, ga fadamar Wurno da Lugu inda ake noman shinkafa, albasa da tafarnuwa. Arzikinmu yana bakin ruwa, kuma hanyar zuwa bakin ruwa ba kwalta. Da damina taɓo, da rani rairayi. Motar da ba ta iya shiga gona ta ɗauko kaya, ta ado ce ba ta aiki ba.

Abu na uku, wanda a wajena ya fi duka nauyi: wa zai gyara?

Hilux mai injin fetur 2.7, babu garejin da ba a san cikinta ba. Yaron bakanike ma ya san kukanta. In famfon mai ya mutu a Dinawa, kafin la'asar an kawo wani daga Sakkwato. In abin ya yi tsanani a buga waya Ƙofar Ruwa a Kano, gobe kaya na tasha. Haybirid kuwa, in ta kunna maka fitilar gargaɗi ta ƙi tashi, ba aikin sifana da guduma ba ne. Sai mai na'urar bincike da ya san karatunta. Wayoyin nan masu ruwan lemu da ke cikinta suna ɗauke da wuta sama da bolt 200, mai gyaran wutar mota da bai koyi aikin ba yana iya rasa ransa a kansu. Wannan ba abin wasa ba ne.

Ga zafi, ga ƙura. Babu abin da ke tsufar da batir kamar zafi, mu kuwa a watan Afrilu sama da digiri 40 ne abincinmu na kullum. Batirin haybirid da yawa fanka ke sanyaya shi, fankar kuma na da matata. Ƙurar hunturu in ta toshe matatar, batir ya yi ta dahuwa ba wanda ya sani. A Amurka Toyota na ba batirin haybirid garanti na shekara 10 ko kusan kilomita 240,000. Madalla. Amma garantin nan ba ya hawa jirgin ruwa ya biyo mota zuwa Legas ko Kwatano. Mu galibi Beljiyam muke saye, motar da wani ya more ƙuruciyarta. Ranar da batir ya ce ga garinku nan, duk ribar man da ka tara sai ta tafi a zama ɗaya, ka ƙara da ciko.

Na taɓa ganin wata mota ta alfarma a bayan wani gida a yankin nan, tayoyi sun sace, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta. Ranar da aka kawo ta an yi kiɗa, an yi hotuna, an yi kirari. Ba haɗari ta yi ba. Wani ɗan ƙaramin abu ne na wuta ya lalace, aka nema aka rasa, aka ce sai an yi oda, daga nan shiru. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Kuma mu faɗa wa juna gaskiya, a yankinmu lalacewar mota a hanya ba ɓata lokaci kawai ba ne. Mun san halin da muke ciki da 'yan bindiga. Ba mu manta da harin kasuwar Goronyo na watan Oktoban 2021 ba, kuma har yau akwai hanyoyin da ba mai son magariba ta riske shi a kansu. A-kori-kura a ƙauye ita ce motar asibiti in haihuwa ta zo da gardama, ita ce motar gudun hijira in an tashi gari, ita ce motar ɗaukar gawa. Motar da za ta tsaya a daji tana jiran kwamfuta daga birni, ba da kuɗi kawai za a biya tsayuwarta ba.

Sai dai kar masu fetur su yi saurin tafi, su ma akwai nasu. Ba kowace mai fetur nake nufi ba. Sababbin injuna masu turbo suna da tsirfa, ba sa jure gurɓataccen mai, mu kuwa in aka bar manyan garuruwa sau da yawa galan ɗin 'yan bumburutu ne gidan manmu. Abin da nake nufi shi ne inji mai sauƙin hali, wanda aka sani, wanda kayansa ke kasuwa. Kuma wanda ya zaɓi fetur ya san ya ɗauko nauyin mai. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ba wa ƙungiya mota ba tare da tsarin kuɗin mai da na sabis ba, ɗora mata bashi ne da sunan kyauta.

Haka nan ba cewa na yi a rufe ƙofa ga haybirid ba. Wanda aikinsa ke cikin birnin Sakkwato, daga kasuwa zuwa shago, daga ofis zuwa makaranta, ga kwalta ga masu gyara kusa, wallahi haybirid za ta yi mishi rana. Akwai ma irin Ford F-150 haybirid da ke ba da wuta har kilowat 7.2 daga bayanta, abin da zai iya tayar da injin ban-ruwa na lantarki. Wata rana irin wannan zai yi wa manomin fadama amfani. Amma kafin a kawo doki ana tanadar turke. Duk babban da ke son a kira shi ɗan zamani, ga hanya: ya ɗebi yara goma daga garejojin Wurno, Rabah da Goronyo, ya kai su su koyi gyaran haybirid, ya saya musu na'urar bincike. Kuɗin bai kai na mota guda ba, amfanin kuwa ya fi na mota goma.

Saura mu magoya baya. Mun iya yaɗa hoton mota da jan ƙyalle a goshi, amma ba mu iya tambaya ba. Kuɗin nan, ko na gwamnati ne ko na karo-karon ƙungiya, haƙƙin jama'a ne. Don haka duk ranar da aka ce za a sayo, a cikin ladabi mu tambayi abu huɗu:

Wace hanya motar za ta riƙa bi, kwalta ko fadama?

Tana da agziliri na gaskiya, ko sunan ƙafa huɗu ne kawai?

In ta lalace yau, wane bakanike ne zai gyara ta, a wane gari, cikin kwana nawa?

Wa ke da alhakin mai da sabis bayan an watse daga wurin biki?

Tambaya ba raini ba ce, kuma ba adawa ba ce. Mai ƙaunarka shi ke hana ka zuba miliyoyi a abin da kaji za su gada. Idan amsoshin nan huɗu suka nuna haybirid, a saye ta, ni ne farkon mai sa albarka. Amma a yadda hanyoyin Gandi, Kwargaba, Shinaka da Giyawa suke a yau, na san inda amsar za ta faɗa.

Allah Ya ba mu zaman lafiya a gabashin Sakkwato, Ya kai mu lokacin da hanyoyinmu za su yi kyan da kowace irin mota za ta bi ta dawo lafiya. Amin.