Kafin ka sayar wa mai gwangwan da tsohuwar kwamfutar nan

Da na je gida hutun da ya wuce, na tarar da ƙanwata tana shirin JAMB. Ta yi bitar tambayoyin shekarun baya har takardun sun yage. Sai na ce mata, "Wai kin taɓa riƙe linzamin kwamfuta kuwa?" Ta yi dariya ta ce ai ita a waya take komai. Yarinyar da za a zaunar gaban kwamfuta, a ba ta awa biyu ta amsa tambaya 180, ba ta taɓa danna kibod ba.

A gidan nan kuma, ƙarƙashin gadon kawunmu, akwai laftof da ta daɗe kwance cikin jaka. Na tambaye shi labarinta, ya ce, "Wagga ai ta mutu, ɗana. Mai gwangwan nake jira." Na jona ta, ta kama. Lafiyarta lau, nauyi ne ya yi mata yawa. RAM ɗinta 2GB ne, wani mai gyara ya ɗora mata Windows 10, sai ka sha shayi ka gama kafin ta buɗe. Na kwashe hotuna da takardun Kawu, na sa mata Lubuntu. Kafin hutu ya ƙare ƙanwata da ƙawayenta uku suna layi a kanta kullum bayan La'asar.

Shi ya sa yau shafin nan yake da roƙo ɗaya ga matasan Anka da Gummi da Bukkuyum: mu daina yi wa kwamfuta jana'iza tana da sauran numfashi.

Ga dalilin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa. Ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina ba Windows 10 tallafin da ya saba, sai wani ƙarin wa'adi na shekara ɗaya ga waɗanda suka yi rajista. Windows 11 kuwa tana da sharuɗɗa: RAM aƙalla 4GB, ma'ajiya 64GB, wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, da injin da bai tsufa ba. Yawancin kwamfutocin hannu da ke gidajenmu da shagunan buga takardu da ɗakunan kwamfuta na makarantu ba za su ci wannan jarrabawar ba. Idan aka bar su a kan tsohuwar Windows, ƙofa ce buɗe ga 'yan kutse. Idan aka ce a sayi sababbi, kowa ya san yadda aljihu yake.

To mene ne Linux ɗin? Uwar manhaja ce, irin aikin da Windows ke yi, wato ita ke tuƙa kwamfutar gaba ɗaya. Wani ɗalibi ne a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fara ta a 1991 yana ɗan shekara 21, sa'anmu ke nan. Ya saki asalin rubutunta a fili, kowa na iya dubawa, ya gyara, ya raba wa wani. Ba kuɗin lasisi, ba zancen "kirak", ba wannan rubutun da ke fitowa a gefen allo yana tona maka asiri cewa ba ka biya ba. Kuma kada ka ce baƙuwa ce a wurinka. Idan a wayar Android kake karanta wannan, to a kan Linux aka gina ta.

Da yake kowa na iya gyarawa, sai aka samu iri-iri, wasu an yi su musamman don kwamfuta mai ƙaramin ƙarfi. Mai RAM 4GB ya gwada Linux Mint, samfurin Xfce, fuskarta ba ta da nisa da Windows 7 da muka sani. Mai 2GB ya gwada Lubuntu. Wadda ta tsufa tukuf, mai 1GB ko ƙasa da haka, akwai antiX. A cikinsu za ka samu LibreOffice, ko ka sauke shi kyauta, yana buɗe fayilolin Word da Excel da PowerPoint. Akwai Firefox na shiga intanet, VLC na kallo, Audacity na gyaran murya wanda mu 'yan aikin jarida muke haɗa shirin rediyo da shi. Har tsarin kibod na Hausa akwai, ka rubuta ɓ da ɗ da ƙ yadda suke, ba sai "ƙasa" ta koma "kasa" ba.

Sakawar ma ba wani tsafi ba ne. Mutum ɗaya ya sauke fayil ɗin inda netiwok ke da ƙarfi, na Mint ya kai wajen 3GB, ya ɗora a filash mai 8GB da manhajar Rufus ko Ventoy. Filash ɗin nan guda ya ishi kwamfutocin unguwa duka. Za ka iya tayar da kwamfuta daga filash ɗin ka gwada sauti da wayifai da firinta ba tare da ka goge komai ba. Sai ka gamsu sannan ka saka. Amma don Allah a fara kwashe takardu da hotunan mutane, kada garin gyaran gira a rasa ido.

Wani zai ce, "Duk wannan wahalar ta mece ce, ga waya a hannu?" Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya. WAEC ta fara jarraba ɗalibai masu zaman kansu da kwamfuta a 2024. Neman aiki, cike fom, rubuta aikin kammala digiri, duk can aka dosa. Yaron da ya taso a Legas ko Abuja yana wasa da kwamfuta tun firamare, da yarinyar Nasarawar Burkullu ko Daki Takwas da ranar jarrabawa ce ranarta ta farko, tambaya ɗaya ake ba su da lokaci ɗaya. Minti goman da za ta ɓata hannu na rawa tana neman inda ake dannawa, maki ne ke zubewa. Wannan giɓin ba ya buƙatar kwamfutar miliyan. Tsohuwa mai kibod da linzami da manhajar koyon bugu irin Klavaro ko Tux Typing ta isa.

Mu kuma nan mun san abin da wasu ba su sani ba. A Satumban 2021 an rufe layukan waya a Zamfara saboda matsalar tsaro, aka yi makonni ba kira ba data. Ranar muka gane cewa ilimin da ke cikin intanet kaɗai aro ne. Da manhajar Kiwix za ka iya sauke Wikipedia, har da ta Hausa, ka ajiye a kwamfuta a riƙa karantawa ba netiwok. Laftof ɗaya, ƙaramar sola, littattafai a ciki: ɗakin karatu ke nan a ƙauyen da ba shi da ko kanta guda ta littafi.

Sai maganar inda kwamfutar ke ƙarewa idan mun sayar. Ana fasa ta, a ƙone wayoyin don a ciri jan ƙarfe, sauran a watsar a bola. Tsofaffin allunan ciki da dalma aka yi musu ƙwalama, gilashin manyan talabijin ɗin kwamfuta masu ƙusumbi ma akwai dalma a ciki. Mutumin Anka ko Bukkuyum ba ya buƙatar lacca kan wannan kalmar. A 2010 gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da Yargalma. Waccan daga niƙan dutsen zinare ta fito, amma gubar ita ce dai, kuma yara ta fi kamawa. Ku tuna kuma, matasa ne a shafukan sada zumunta suka matsa da kamfen ɗin #SaveBagega har gwamnatin tarayya ta saki kuɗin tsabtace Bagega a 2013. Wayar da ke hannunmu ta taɓa yin aikin da ya fi gardamar ƙwallo.

Gaskiya ɗaya ce, Linux ba maganin kowace cuta ba ce. Ba ta tayar da mataccen batir. Mai shagon da abincinsa ke kan CorelDraw ko Photoshop kada ya yi gaggawa, domin waɗannan ba a yi su don Linux ba. Akwai Inkscape da GIMP a madadinsu, amma sai an zauna an koya. Wasu firintoci da wasu katunan wayifai suna gardama. Kuma idan ka buɗe YouTube da Facebook da shafuka goma a kan 2GB, za ta yi nishi ko me ka sa mata. Makon farko za ka ɗan yi ɓatan kai, kamar ranar da ka bar wayar Nokia ka koma mai shafawa.

Don haka ga abin da muke nema. Shugabannin makarantu da ke da kwamfutoci a kulle suna shan ƙura, a buɗe a ƙirga masu kamawa. Ƙungiyoyin ɗalibai da na tsofaffin ɗalibai a ƙananan hukumomin nan uku, a ware Asabar ɗaya cikin hutu, kowa ya kawo ta gidansu, masu ɗan sani su saka wa jama'a kyauta. Masu gyara, ku koyi wannan, sana'a ce ta ƙaru. Yayyenmu da ke aiki a Gusau da Sakkwato da Abuja, laftof ɗin da kuka ajiye don kun sayi sabuwa, ku aiko ta gida.

Kai kuma da ke karantawa, leƙa ƙarƙashin gado da saman kwaba yau ɗin nan. Idan ka samu, jona ta ka gani. Idan ta kama, rubuta mana sunanta da yawan RAM ɗinta a ƙasa, za mu faɗa maka wadda za ta dace da ita. Ta Kawu dai tana nan tana aiki, har ya fara tambaya ko za a koya masa shi ma.