Daga Juji Zuwa Gona: Ilimin Da Yakasai Ke Neman Mantawa

A shekarar 1978 wasu masana biyu 'yan ƙasar Ostiraliya, Bill Mollison da David Holmgren, suka fitar da littafi a kan wani tsarin noma da suka kira famakalca, wato dawwamammen noma. Ginshiƙinsa shi ne a tsara gida da gona yadda abin da wani sashe ya zubar zai zama abincin wani sashe, kamar yadda daji ke ciyar da kansa ba tare da an kai masa buhun taki ba. Yau ana koyar da shi a ƙasashe da dama, har mutane na biyan kuɗi su halarci kwas a kansa. Ba laifi ɗalibin Kano ya karanta shi. Laifin shi ne a gabatar masa da shi a matsayin baƙon ilimi, alhali kakanninsa sun daɗe suna aikata mafi yawansa a tsakanin lungunan birni da gonakin bayan ganuwa.

A dubi gidan gargajiya a Yakasai. Akwai akuya ko tunkiya a turke, akwai kaji, akwai murhu. Dusa da ɓawon wake da ragowar tuwo na dabbobi ne. Kashinsu da tokar murhu da sharar tsakar gida kuwa sai a tara a juji, rana da ƙwayoyin halitta su yi aikinsu. Da rani manoma kan shigo birni da jakuna ɗauke da itace ko hatsi ko harawa, su fita da mangala cike da taki. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kafin ya dawo Jami'ar Bayero, ya yi nazarin wannan zirga-zirga tun daga shekarun 1960, kuma ƙidayarsa ta nuna jakuna fiye da 1,000 na fita da taki daga cikin birni a rana guda idan lokacinsa ya kama. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa ake noma gonakin kewayen Kano kowace damina ba tare da an bar su sun huta ba, kuma ƙasar ba ta mutu ba.

Bayanin abin a kimiyyance ba shi da wuya. Duk damin gero da ya bar gona ya tafi da naitirojin da fosfaras da fotasiyam da ya zuƙa daga ƙasa. In ba a mayar da su ba, gona za ta yi ta rama. Kashin dabbobi yana mayar da naitirojin da fosfaras, toka tana mayar da fotasiyam, ruɓaɓɓen ganye kuma yana sa ƙasar jigawa ta riƙe danshi, abin da takin zamani ba ya yi komai tsadarsa. A cikin gonar kanta manomi yana haɗa gero da wake ko gyaɗa. A saiwar waken akwai ƙananan ƙulli inda wasu bakteriya ke kama naitirojin na iska. Harawarsa ta tafi ga dabba, dabba ta dawo da shi gona. Ga kuma gawo, wanda ke zubar da ganye da damina, lokacin da shuka ke bukatar rana, ya yi kore da rani ya ba dabbobi 'ya'yansa. Manoman Maraɗi sun nuna ƙarfin irin wannan ilimi: tun daga 1983, lokacin da Tony Rinaudo ya fara ƙarfafa musu gwiwa su bar tohon kututtura ya girma a gona, sassaben zamani ya bazu har aka ƙiyasta ya farfaɗo da itatuwa kusan miliyan 200 a Jamhuriyar Nijar.

To, ina aka kwana a birni? Jujin yanzu ba jujin da ba ne. Leda ta cika shi, da robar ruwan sha, da fasassun kwalabe, da matattun batura. Leda ba ta ruɓewa. A gona tana tare saiwa da ruwa, a cikin tumbin akuya tana dunƙulewa har dabba ta rame ta mutu, kuma mahauta sun fi kowa sanin haka. Batura kuwa suna iya sakin ƙarafa masu guba a ƙasar da za a shuka alayyafo. Saboda haka manomin da ya sayi motar shara sai ya ɗauki 'yan ƙwadago su tsince ta, ko ya haƙura ya koma ga takin zamani, wanda kuɗinsa ya yi tashin gwauron zabo tun daga 2022. Birni na neman inda zai kai shararsa, ƙauye na neman taki, ledar da ba ta kai nauyin ganye ba ta shiga tsakani.

Haka kududdufai. Asalinsu ramuka ne da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini, kuma Heinrich Barth da ya zo Kano a 1851 ya tarar da su a cikin birni. Da damina su ne ke karɓar ruwan lunguna, su riƙe shi ya tsuma ƙasa a hankali ya ciyar da rijiyoyi. An cike da yawansu da shara an yi gini a kai, ruwan sama kuwa bai fasa zuwa ba, sai dai ya nemi zaure da ɗaki. Masu cewa kududdufi matattarar sauro ce da tsargiya da wari ba su yi ƙarya ba, kuma wanda ya taɓa rasa yaro a cikinsa ba zai saurari waƙar yabonsa ba. Amma amsar wannan ita ce katange shi, hana zuba masa ƙazanta da sa masa kifi mai cin tsutsar sauro. Cike shi na kawar da cuta ɗaya ne ya kawo ambaliya.

Babu mai cewa a koma zamanin jaki. Gidajen Yakasai sun cushe, da yawa sun koma siminti, wasu ba su da filin turke balle lambu, kuma takin birni shi kaɗai ba zai ciyar da miliyoyin mutanen Kano ba. Gona na bukatar duka biyun, na gargajiya da na zamani. Abin da bai fi ƙarfin kowane gida ba shi ne bokiti biyu: ɗaya na toka da kashin dabba da ɓawo, ɗaya na leda da kwalba, batura kuma a ware su daban. Wannan aiki na tsakar gida ne, don haka duk wayar da kan da ba ta kai ga mata da yara masu zubar da shara ba ta tsaya a bakin zaure. Makarantun Islamiyya na matan aure da masu unguwanni sun fi allon talla tasiri a nan.

Malamin bayoloji kuma yana da hanya mai araha. Maimakon ya zana zagayen naitirojin a allo ɗalibai su haddace, sai ya sa su kawo kwano guda na sharar gidajensu, su rarraba, su auna kowane kashi. Su haƙa rami a bayan aji su zuba mai ruɓewa, suna yayyafa ruwa suna juyawa duk mako biyu. Bayan wata uku sai a cika tukwane kashi biyu, ɗaya da rairayi zalla, ɗaya da rairayi haɗe da takin, a shuka masara rana ɗaya, kowane ɗalibi ya riƙa rubuta tsawon shuka da launin ganyenta a littafinsa duk ranar Litinin.