ARAHAR BARASA: TARKO NE AKA ƊANA WA TALAKA

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ya 'yan'uwa Musulmi, a ƙasar Birtaniya manyan kantuna irin su Aldi da Lidl suna sayar da barasar wuski mai ɗauke da tambarinsu, jaridu kuma suna ɗanɗana ta suna auna wadda ta fi daɗi a kuɗi kaɗan, sai ka ce wata hidima suke yi wa marasa ƙarfi. Mu kuwa mun ce araha ba ta ado, balle arahar guba. Arahar ita ce ainihin musibar.

Su kansu hukumomin ƙasar masu sana'ar sun tabbatar da haka. A shekarar 2018 yankin Sikotilan, wanda ya yi suna wajen wuski, ya kafa dokar mafi ƙarancin farashi: kwabo 50 na kuɗin fam a kan kowane ma'aunin barasa, aka ɗaga zuwa 65 a 2024. Dalilinsu shi ne barasa mai araha ita ta fi hallaka mashaya. To, idan mai dafa tuwo ya ji tsoron tuwonsa, ina hujjar baƙo?

A wurinmu fitinar ta fi muni. Tun zamanin Lugga aka hana sayar wa mutanen Arewa barasar Turawa, Jihar Kano kuma ta ƙaddamar da Shari'a a shekarar 2000. Amma daga Ƙofar Mazugal zuwa Sabon Gari tafiyar 'yan mintoci ce, kuma an zuba barasa a 'yan ƙananan ledoji da ƙananan robobi, da kuɗin da bai fi ƙarfin ɗan makaranta ko ɗan dako ba. Kwalba tana da nauyi da ƙara, tana tona asirin mai ita. Leda kuwa tana shigewa aljihu, ta ƙetare ganuwa ba wanda ya sani.

Mun yaba wa Hukumar Hisba da ta farfasa kwalabe kimanin 240,000 a 2013, da kusan miliyan huɗu a 2022. Sai dai motar da ke murƙushe kwalba ba ta ganin abin da ke cikin aljihu.

A 2018 hukumar NAFDAC ta yi yarjejeniya da kamfanoni a kan daina zuba barasa a leda da kwalaben da ba su kai mililita 200 ba, aka ba su wa'adi zuwa ƙarshen Janairun 2024. Da wa'adi ya cika sai aka ta da jijiyar wuya, wai ma'aikata za su rasa abinci. Subhanallah! Shekara biyar ba ta isa a sauya injin ba? Kuma wane abinci ne wannan da ake nema a cikin hantar 'ya'yan mutane? Suka ce talaka zai koma wa ogogoro, irin wanda ya kashe aƙalla mutum 18 a Ode-Irele ta Jihar Ondo a 2015. Ashe maganin wata guba shi ne a miƙa wa yaro wata?

Hukunci a bayyane yake a Suratul Ma'ida, aya ta 90, kuma jumhurun malamai ba su bambanta ɗigo da tulu ba. Ƙanƙantar leda ba ta rage girman zunubi.

Saboda haka muna kira ga limamai da masu unguwanni na Dala da Fagge su ambaci wannan leda da sunanta a huɗuba da majalisi. Iyaye su san abokan 'ya'yansu da inda suke kai dare. Wanda kuma ya riga ya faɗa, a jawo shi a nema masa magani, kada a kore shi ya koma hannun dillalai.

Allah Ya shiryi zuriyarmu, Ya tsare mana hankulanmu. Wassalamu alaikum.