Masaukin Baƙo: Abin da Faransawa Suka Riƙe, Mu Muka Saki

Duk wanda ya taɓa zama a Ingal a ƙarshen damina, lokacin da Buzaye da Fulanin Woɗaɓe suke gangarowa filin Irhazer da raƙuma da shanu domin dabbobi su lashi gishiri, ya san cewa garin nan, ko da yake ƙarami ne, ya daɗe da sanin yadda ake saukar baƙo, gama a ƴan kwanakin nan na watan Satumba gari yakan cika ya batse, amma da wuya ka ga wanda ya rasa mai ce masa bisimilla. Saboda haka da na ji wasu samari a majalisa suna mamakin irin yadda Faransawa ke tallafa wa ɗan uwansu idan ya sauka baƙuwar ƙasa, sai na ga ya kamata a tsaya a yi nazarin al'amarin a tsanake, domin abin da suke mamaki namu ne tun fil azal, sai dai mun bar shi ya zube, alhali su sun ɗauki nasu sun sa a takarda.

Bari mu fara da faɗin abin da suke yi, tun da adalci wajibi ne ko ga wanda kuka ɓata da shi. Tun shekarar 1927 Faransawa mazauna ƙetare suke da ƙungiyarsu mai suna UFE, a 1984 kuma aka tattara ƙananan ƙungiyoyin maraba da baƙi na birane daban-daban a ƙarƙashin inuwa guda da ake kira FIAFE, waɗanda aikinsu, na sa-kai ba na albashi ba, shi ne su tarbi sabon zuwa, su nuna masa unguwar da zai kama haya, da makarantar da zai sa ƴaƴansa, da likitan da zai je wurinsa, har da kasuwar da ba za a yi masa tsadar baƙo ba. Bayan wannan akwai littafin rajista a ofisoshin jakadancinsu, wanda sunayen da ke cikinsa a duniya duka sun haura miliyan ɗaya da rabi, kuma a ƙasashen da ake fargabar fitina sukan kasa gari unguwa-unguwa, kowace da mutum guda daga cikinsu wanda ya san gidan kowa da lambar wayarsa, tamkar dai mai unguwa a wurinmu. Tun zaɓen 2012 ma suna da wakilai 11 a majalisar dokokin ƙasarsu waɗanda mazauna ƙetare kaɗai ke zaɓa. An ga fa'idar wannan tsari a Yamai a farkon Agustan 2023, bayan juyin mulki, sa'ad da jiragensu suka kwashe mutum fiye da 1,000 cikin ƴan kwanaki, fiye da rabinsu Faransawa, ba don komai ba sai don an san wanda ke nan da inda yake kwana.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai a nan jiharmu ta Agadas ya auku, shekara goma kafin wannan. A watan Satumba na 2010 ƴan bindiga suka sace mutum bakwai a Arlit, biyar daga cikinsu Faransawa, tun daga ranar kuwa danginsu da abokansu ba su bar sunayensu sun faɗi ƙasa ba, suna ƙirga kwanaki, suna taruwa a dandalin garuruwansu, har aka sako huɗun ƙarshe ran 29 ga Oktoba 2013, shugaban ƙasarsu François Hollande ya tarbe su da kansa a filin jirgi. A cikin wannan makon ne kuma aka tsinci gawawwakin mutum 92 a hamada, arewa da Arlit ɗin nan, dab da iyakar Aljeriya, 52 yara, 33 mata, akasarinsu mutanen Kance ta ƙasar Damagaram, waɗanda motocinsu biyu suka lalace a hanyar Tamanrasset har ƙishirwa ta kashe su. A inda aka same su aka yi musu salla aka binne su, Allah ya jiƙansu da rahama. Huɗun nan, shekara uku jaridun ƙasarsu na buga sunayensu da hotunansu. Casa'in da biyun kuwa, mu da muke ƴan uwansu na harshe da addini, adadinsu kawai muka riƙe. Ban ga laifin wanda ya nemi nasa ba. Abin tambaya shi ne, wa ya san waɗannan mata sun tashi, wa ke jiran isowarsu a can, wa kuma ya ɗaga murya da aka kwana biyu ba a gan su ba?

Kakanninmu suna da amsar waɗannan tambayoyi uku. A shekarar 1353, da Ibn Battuta ya iso Takadda, birnin tagulla wanda masana da yawa suka ce kufansa ne Azelik a cikin ƙasar Ingal, bayan ya sha ciwo a hanya, bai yada zango a bakin kasuwa ba, sai ya sauka kusa da shehun Magaribawan garin, watau shugaban ƴan ƙasarsu da ke zaune can, alƙalin gari kuma ya yi masa liyafa. Ashe ke nan ƙungiyar maraba da baƙi ta riga Faransawa zuwa ƙasar nan da shekara fiye da 500. Haka kuma fataken Hausa da ke zuwa Gwanja neman goro ba sa tashi sai da madugu wanda ya san adadin mutanensa da jakunansu, ba sa isa Salaga sai sun san gidan fatoman da za su sauka, shi kuwa fatoma shi zai ba baƙo ɗaki da tuwo, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan za a ba da bashi, in kuma ajali ya riske shi a can, ya tsaya a yi masa sutura, ya riƙe dukiyarsa amana har magada su aiko. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, wannan tsari bai mutu ba, sai ya bi mutanensa zuwa zangunan Kete-Krachi da Kumasi. A Sabo ta Ibadan, wadda aka kafa a 1916, wani masani Abner Cohen ya tarar da shi da ransa, masu gida na saukar dillalan shanu da na goro, ana cinikin dukiya mai yawa a kan magana kawai. Shari'a ma ba ta bar abin ga son ran mutane ba, gama ibnus sabili, matafiyin da guzuri ya yanke masa, yana cikin mutum takwas da aka yanka wa rabo a zakka, kuma al'ummar Madina kanta a kan ƴan'uwantakar da aka ƙulla tsakanin Muhajirai da Ansaru aka gina ta.

To, me ya rushe wannan gini? A ganina asalin ɓarakar abu guda ne: fatoma yana kyautata wa baƙonsa domin ya san baɗi zai dawo, in kuma ya ci amanarsa, kafin ayari ya isa Kano labari ya riga shi, shi kuwa ɗan kamashon da ke tara mutane a gidajen da ake kira geto a Agadas ko Arlit, sau ɗaya zai ga fasinjansa a duniya, ba ruwansa da ko ya isa ko bai isa ba. Dokar hana safarar baƙin haure ta 2015, wadda aka soke a Nuwamba 2023, ta ƙara dagula lamarin, domin ta kori direbobi daga hanyoyi masu rijiyoyi zuwa ɓoyayyun hanyoyi, ta kuma sa faɗin sunan wanda ya tashi ya zama abin tsoro. Yau ga Asamaka, wadda a ƙarƙashin Ingal take, nan hukumomin Aljeriya ke juye waɗanda suka koro, ƴan Nijar a ayarin motoci, ƴan sauran ƙasashe kuwa a ajiye su a wurin da ake kira Point Zéro su taka kilomita 15 a cikin rairayi; masu agaji sun ƙirga fiye da mutum 30,000 a shekarar 2024 kaɗai, masu tarbarsu kuma galibi ƙungiyoyin waje ne, irin su OIM da MSF, a ƙasar da ake cewa baƙonka annabinka.

Kada dai a ɗauka ina kira a kwaikwayi Faransawa ɗungurungum, domin tsarinsu yana da aibin da mu mutanen Ingal muka fi kowa ganewa. Wanda ƴan uwansa suka tarba, suka ba shi gida a unguwarsu, da kanti da asibiti da wurin shaƙatawa duk a bayan shinge, kamar yadda aka yi wa manyan ma'aikata a Arlit da Akokan, yana iya shekara goma a ƙasa bai buƙaci gaisuwar maƙwabci ba. Shi ya sa da aka rufe mahaƙar Cominak a Maris 2021, sojojinsu na ƙarshe suka fita a Disamba 2023, ofishin jakadancinsu ya rufe a Janairu 2024, waɗanda suka bar suruki ko aminin da zai yi kewarsu ba su taka kara sun karya ba. Akwai na daban, irin su Edmond da Suzanne Bernus, waɗanda suka zauna da mutanen Ingal da Tegidda har suka rubuta littafi a kan gishiri da dabinonsu a 1972, amma su ta ƙofar masu gari suka shigo. Sharifan Ingal ma, bisa ga abin da ake gadon faɗa, baƙi ne da suka zo da irin dabino suka dasa, yau jikokinsu su ne masu gari, harshen Tasawak da ake yi a gidajenmu kuwa, mai tushen Songai da tarin kalmomin Tamajak da Larabci, shi kansa shaida ne cewa a nan baƙo yakan sauka a gidan wanda ba danginsa ba har ya zama dangi.

Abin da za mu ɗauka a wurinsu shi ne alƙalami. An ware wa ƴan Nijar mazauna ƙetare kujeru 5 a majalisa a zaɓen 2016, abu ne mai kyau, sai dai matar Kance da ke yawon neman abinci da ƴaƴanta a titunan Tamanrasset ba ta cikin wannan lissafi, kuma ba za ta kai sunanta ofis ba, domin ta san takardar ofis tana iya komawa hannun jandarma. Don haka littafin ya zauna a hannun waɗanda ta amince da su, sarkin tasha da liman, a Matamaye da Tanut da Agadas da Ingal da Arlit, a rubuta sunan mai tafiya da ƙauyensu, da lambar wani nasa a gida, da sunan wanda zai sauke shi a can; shugabannin mutanenmu da ke Tamanrasset da Sabha su riƙe irinsa; attajiran Agadas da Tawa kuma, idan sun zo fitar da zakka, su tuna cewa rabon ibnus sabili yana da masu shi a Asamaka. Kuɗin littafin da alƙalamin da ɗan ladan yaron da zai riƙa rubutawa bai kai na buhun dabino ba, amma in mota ta tashi Arlit ran Talata, har Alhamis ba a ji ta isa ba, za a sami wanda zai buɗe shafi ya buga waya tun ruwan jarkoki bai ƙare ba.